Garabasar katin banki ta maƙale, gida ya ɗauki zafi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi, ina sayar da kayan waya, su caja, batir, gilashin fuska da makamantansu, kuma yawancin kayan daga Sin nake yin odarsu ta intanet. Ƙanin mai ɗakina yana aiki a wani banki. Shi ya zo har shago ya ce sun fito da sabon kati, banki ya biya maka, ƙarshen wata ya cire nasa, kuma duk wanda ya yi sayayyar miliyan ɗaya da shi cikin wata uku na farko za a mayar masa da jika 40 garabasa. Na yarda na sa hannu, aka cire mini jika 25 kuɗin kati na shekara. Katin bai iso hannuna ba sai bayan mako uku. Da na ga wa'adi na neman ƙurewa, na ƙara odar kayan da ban yi shirin saye ba, na kuma ciri jika 150 a na'urar banki don lissafi ya cika. Akwai oda ɗaya ta jika 80 da mai kayan ya soke ya dawo mini da kuɗina. Da na haɗa abin da ya fita ta katin, miliyan ɗaya ne da jika 60. Yau wata biyu ke nan da cikar wa'adin, ko dala ban gani ba. Idan na je banki sai a ce ana kan aiki, Yamai ake jira. Yaron ya fara gudun wayata. Cikin fushi na faɗa wa mai ɗakina magana mara daɗi a kan ɗan'uwanta, yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Wani abokina ya ce in rufe katin in kai ƙara, wani kuma ya ce kuɗin ma haramun ne, Allah ne ya tsare ni. Shekaranjiya wani ya kira ni ya ce daga banki yake, in karanta masa lambar da za ta shigo wayata a sakar mini kuɗin. Ban ba shi ba, amma zuciyata tana rawa. Yaya zan yi?

Wani ɗan kasuwa, Maradi

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Bari in fara da abin da ka ambata a ƙarshe, domin shi ne ba ya jira. Wanda ya kira ka ɗin nan ɓarawo ne, kuma ka gode wa Allah da ka riƙe bakinka. Lambar da ke shigowa waya ita ce ke tabbatar da cewa kai ne ka amince a fitar da kuɗi daga katinka. Ba a buƙatarta idan za a zuba maka kuɗi. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi wannan lamba, ko lambobi 16 na gaban kati, ko 3 na bayansa, ko lambar sirrin da kake bugawa a na'ura. Masu wannan sana'a suna kiran mutane barkatai da sunan garabasa, don sun san a cikin ɗari ba za a rasa mai jiran wani abu ba. Kuma a kasuwa irin tamu, inda ka riga ka ba abokai labari, magana ba ta wuyar isa kunnen da bai kamata ba. Ka rubuta lambar da ya kira ka da ita, ka kai wa bankin, ka daina ɗaukar wayarsa.

Sai zancen fushinka. Ban ga laifinka ba da ka ji zafi. Ba jika 40 ɗin ce kaɗai ke cin ka ba, na sani. Abin da ya fi ciwo shi ne ka ji kamar an yi wasa da hankalinka a gaban iyalinka, kuma ta hannun yaron da ka ɗauka ƙaninka ne. Sai dai kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu zauna mu duba yadda irin wannan garabasa take tafiya, domin a cikin wasiƙarka na hango abubuwa uku da za su iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Banki ba ya raba kuɗi don Allah. Duk lokacin da ka biya ɗan kasuwa da kati, akwai ɗan kason da ake yanka daga kuɗin mai kayan, bankin da ya ba ka katin yana samun rabonsa a ciki. Daga wannan rabo, da kuɗin shekara da ka biya, da abin da yake sa ran samu a kanka nan gaba, yake ciro garabasar da ya yi maka alkawari. Shi ya sa sayayya kaɗai ake ƙirgawa. A Amurka, inda wannan dabara ta fi yaɗuwa, sharuɗɗan katunan kusan duk iri ɗaya ne: cirar tsabar kuɗi a na'ura ba ta shiga lissafi, kuɗin kati na shekara ba ya shiga, kuma duk abin da mai kaya ya dawo maka da shi ana zare shi daga jimla. Bankunan da suka kwaikwayo tsarin galibi da sharuɗɗansa suka kwaikwayo shi.

To, ɗauki alƙalami. Ka ce miliyan ɗaya da jika 60. Cire jika 150 da ka cira a na'ura, saura jika 910. Idan odar da aka soke tana cikin abin da ka haɗa, cire jika 80, saura 830. Idan har ka sa kuɗin kati a ciki, ka sake cire 25. Ka ga ke nan, in dai takardar da ka sa wa hannu ta ce sayayya zalla, akwai yiwuwar ba jinkiri ake yi maka ba, kwamfutar bankin ce ta duba ta ga ba ka kai ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya maka. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji. Amma gara ka ji ta daga gare ni a nan da ka ji ta a ofishin shugaban reshe bayan ka riga ka ɗaga murya.

Abu na uku shi ne ranar da aka fara ƙirga. Kai a wurinka wata ukun sun fara ranar da kati ya shigo hannunka. A wurin banki sau da yawa suna farawa ne ranar da aka amince da buƙatarka aka buɗe katin a kwamfuta. Idan haka abin yake, makonni ukun da ka yi kana jira sun tafi a cikin wa'adin, kuma odar da ka yi ta hanzari a ƙarshe tana iya faɗawa waje. Ga kuma wani abu da ƴan kasuwar intanet ke yawan mantawa: ranar da ka danna biya daban, ranar da kuɗin ya zauna a asusu daban. Sayayya daga waje takan yi kwana biyu ko uku a rataye kafin ta tabbata, kuma da dalar Amurka ko kuɗin Sin aka yi cinikin, sai ranar tabbatarwa ake juya ta zuwa sefa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, amma ba a ɗaure take da dala ba, saboda haka adadin da ka rubuta a littafinka ba lallai ya yi daidai da na banki ba. Ladan canjin da ake ɗorawa a kai ma ba kullum ake ƙirga shi a matsayin sayayya ba.

Duk da haka kada ka yanke cewa ka faɗi. Yana yiwuwa takardarku ta ce duk wani amfani da kati ana ƙirgawa, kuma in haka ne kana da hujja mai ƙarfi. Yana yiwuwa kuma jinkirin na gaskiya ne. Ko a Amurka sharuɗɗa kan ce sai bayan mako shida zuwa takwas kuɗin zai shigo, wasu ma har sha biyu, domin ana jira a rufe lissafin wata a kuma ga ko za a mayar da kaya. Wata biyu ya kai a tambaya da babbar murya, amma shi kaɗai bai isa ya zama shaidar cuta ba.

Saboda haka aikinka na farko ba zuwa gishe, wato tagar banki, ka sake jin "ana kan aiki" ba ne. Takardu za ka tara. Nemo kwafin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. In ba a ba ka ba, ka nema, haƙƙinka ne. Nemo takardar tallan garabasar, ko hotonta, ko saƙon WhatsApp da yaron ya turo maka, har da na murya in akwai. Sannan ka karɓi takardar shige da ficen kuɗin katin tun daga ranar farko. Tun 1 ga Oktoban 2014 babban bankin yankinmu, BCEAO, ya sa takardar lissafi ta wata-wata cikin ayyukan da banki zai yi wa mai asusu kyauta, kamar yadda buɗe asusu da rufe shi suke kyauta. Ka sami wanda ya iya Faransanci sosai, wanda ba ma'aikacin bankin ba, ya karanta maka ƙananan rubutun nan layi-layi. Amsa huɗu kake nema: me ake ƙirgawa, yaushe aka fara, yaushe aka rufe, kuma cikin kwana nawa suka ce za su biya.

Idan ka gama wannan, sai ka rubuta ƙorafi. A rubuce, ɗan'uwana, ba da baki ba. Wasiƙa gajera ta isa: sunanka, lambobi huɗu na ƙarshen katin, ranar sa hannu, ranar da kati ya iso, alkawarin da aka yi, jimlar sayayyarka, sannan tambaya ɗaya tak, wato a gaya maka a rubuce ko ka cika sharaɗi, in ka cika yaushe za a biya, in ba ka cika ba mene ne dalili. Ka yi kwafi biyu, ka kai wa shugaban reshe, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wannan hatimin shi ne ke mayar da maganarka abin da dole a amsa. Hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefar Afirka ta Yamma, wadda ofishinta yake Abijan, ta fitar da umarni a 2020 cewa kowane banki ya kasance yana da tsarin karɓar ƙorafin abokan hulɗa, ya kuma ba da amsa cikin wata ɗaya. Idan watan ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da damar ɗaukaka ƙorafin zuwa ga hukumar. BCEAO tana da reshe a nan Maradi, kana iya zuwa ka tambayi hanyar da ake bi. Galibi ba a kaiwa can. Wasiƙa mai hatimi takan tashi daga teburin da ta kwanta da sauri fiye da ziyara goma.

Yanzu a ce amsa ta zo cewa ba ka kai ba. Har yanzu da sauran magana. Kati ya yi mako uku bai zo ba, kuma ba kai ka riƙe shi ba. Wanda ya tallata maka shi ma'aikacinsu ne, kuma bisa ga wasiƙarka bai bambance maka sayayya da cirar kuɗi ba. Waɗannan biyun sun isa ka nemi sassauci cikin mutunci: ko a ƙara maka kwanakin da suka salwanta, ko a ba ka wani ɓangare na garabasar, ko a mayar maka da kuɗin kati na shekara. Shugaban reshe yana da ikon rubuta wa Yamai ya nemi haka, kuma ɗan kasuwar da ke juya kusan miliyan cikin wata uku ba wanda banki zai so ya rasa ba ne. Ka faɗi hakan a fili, ba tare da barazana ba. Amma in sun ce za su ƙara maka lokaci, kada ka sayi ko caja ɗaya da ba ka da mai sayenta. Ka riga ka ɗaure jarinka a kayan da ba ka shirya ba saboda jika 40. Kada garin neman gira a rasa ido.

Game da shawarar abokinka ta rufe kati, ka dakata tukuna. A irin waɗannan tsare-tsare, wanda ya rufe kati kafin a biya shi yakan rasa garabasar gaba ɗaya, domin akan sa sharaɗin katin ya kasance a buɗe kuma babu bashin da ya wuce lokaci a kansa. Kuɗin shekarar ma ka riga ka biya. Kotu kuwa, a kan jika 40, zirga-zirga da rufe shago kaɗai za su cinye fiye da haka. Abin da nake so ka duba da gaggawa shi ne jika 150 ɗin nan da ka cira. A katin bashi cirar tsabar kuɗi takan zo da lada na musamman, wani lokaci har da ruwa da ke fara hawa tun daga ranar da aka cira. Ka duba takardar lissafinka ka gani ko an ɗora maka wani abu, ka kuma tabbata babu ragowar bashi da ke kwana a kan katin.

Wannan ya kawo mu ga maganar ɗaya abokin naka, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashi da aka gindaya masa sharaɗin ruwa idan an makara bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya a kan lokaci; wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa ya halatta, haka ma tsayayyen kuɗin da ake karɓa na yin katin. Ka ga ke nan hukuncin yana rataye ne da abin da ke cikin yarjejeniyarka, ba da abin da ake faɗa a bakin shago ba. Takardar nan da za a fassara maka, ka ɗauke ta ka kai wa malamin da ya san babin ciniki, ka tambaye shi a kan katin kansa da kuma garabasar. Idan ya zamana akwai sharaɗin ruwa, kana da mafita mai sauƙi: katin da kai kake zuba masa kuɗinka kafin ka yi sayayya. Bankuna da dama a Nijar suna bayar da shi, yana biyan oda ta intanet kamar wancan, ba bashi a ciki, kuma ko ɓarawo ya samu lambarsa ba zai ɗauki fiye da abin da ka zuba ba. Ga mai sana'a irin taka, a ganina, shi ya fi dacewa tun farko.

Sai yaron. Ka sa kanka a matsayinsa na ɗan lokaci. Ƙaramin ma'aikaci ne, kuma irinsu akan ba su adadin katunan da za su sayar a wata. Wa zai fara tunkara in ba na gida ba? Mai yiwuwa abin da aka gaya musu a taro shi ya maimaita maka, bai karanta ƙananan rubutun ba shi ma. Ba shi ke sakin kuɗi ba, ba shi da maɓallin da zai danna. Gudun wayarka da yake yi, ni kunya na gani a ciki fiye da rashin gaskiya: mijin yayarsa ne yake bin sa abin da ba shi da ikon bayarwa. Wannan bai wanke shi duka ba. Ya kamata ya yi maka bayani cikakke, kuma da abu ya cije ya kamata ya zo ya same ka maimakon ya ɓuya. Amma gyaran wannan a gida ake yin sa, ba a ofis ba. Ina roƙonka kada ka sa sunansa a wasiƙar ƙorafi da sigar zargi. Ka rubuta "ma'aikacinku ya shaida mini", ya wadatar. Takarda ɗaya mai zafi tana iya raba shi da aikinsa, kuma wannan tabo ba jika 40 ba, ko miliyan ba za ta goge shi a tsakanin gidajenku ba.

Ka aika masa saƙo, ba kira ba, tunda kiran ne yake tsoro. Ka ce masa ba ka bin sa ko dala, maganar tsakaninka da banki ce, abin da kake so kawai ya samo maka takardar sharuɗɗan garabasar ya kuma gaya maka wanda ke kula da ƙorafi a reshensu. Ka ba shi aikin da zai iya, za ka ga ya dawo. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa da sakin fuska tun asali, kai ne babba, kai ya kamata ka buɗe ƙofar.

Mai ɗakinka kuwa ba ta sa hannu a takarda ba, ba ta yi maka alkawarin komai ba. An sa ta tsakanin mijinta da ɗan'uwanta, kuma duk wanda ta goya wa baya ta yi asara. Kada ka jira sai banki ya amsa kafin ka gyara wannan, domin amsar tana iya ɗaukar wata guda, kuma shiru na wata guda a cikin gida yana da tsada. Yau da dare ka same ta ka ce maganar da ka faɗa a kan ƙaninta ba ta dace ba, fushi ne, ka ba ta haƙuri ba tare da ka haɗa da "amma" ba. Ka gaya mata matakin da za ka ɗauka da kuma cewa ba za ka taɓa aikin yaron ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da take jiran ji, ko ba ta faɗa ba. Kuma ka yi ƙoƙari maganar ta tsaya a nan kafin ta kai kunnen surukai, in ba ta riga ta kai ba. In ta kai, ka je da kanka ka gaishe su ka kashe ta.

Kayan da ka ƙara oda kuma, kada ka bar su suna shan ƙura kana jiran farashin da ka saba. Kayan waya ba sa jira, sabon samfuri na fitowa gilashi da kwalin tsoho sun zama kaya a kai. Ka ware waɗanda ba sa tafiya, ka ba masu tebur da masu yawo da kaya a kan sari, ko masu zuwa kasuwannin ƙauye irin su Tibiri da Madarunfa, ko da ribar ta yi ƙaranci, jarinka ya dawo hannu. Idan ka karɓi amsar bankin a rubuce, ka sake rubuto mini da abin da suka ce, mu duba ta tare. Allah ya warware maka, ya sanya albarka a kasuwa, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.